Rami na Goma Sha Biyu

Rami goma sha ɗaya muka haƙa a gaɓar Ƙoramar Madrone,
can arewacin Kaliforniya, Agusta na gasa ƙeya,
ƙoramar ta ƙafe har kare na ƙetare ta bai jiƙa ƙafa ba.
Halvorsen na kan injin haƙa, ni ina kan littafi.
Duk abin da bututu ya haɗiyo daga ciki
sai in murza shi a yatsu, in raɗa masa suna.

Mita ɗaya, turɓaya da saiwar ciyawa.
Mita uku, yumɓu mai danƙo,
na mulmula shi siriri kamar tana, bai tsinke ba.
Mita shida, yumɓu. Mita tara, yumɓun dai.
Na yi ajiyar zuciya.
Yumɓu marowaci ne, ko ɗigo ba ya bari ya wuce,
irin marowacin da mai gina ganuwar ruwa ke nema ido rufe.

Na zana ta a takarda: tsayi mita huɗu,
gangare taku uku a kwance ga taku guda a tsaye,
a zuba ƙasa kaurin taƙi, a daɓe, a sake zubawa,
a toshe ramukan kurege, a shuka kiri-kiri a bayanta.
Saura sa hannu.

Sai ga tsoho Silveira ya fito daga cikin zaitun ɗinsa,
yana dogara sanda, bai ko dubi takardata ba.
"Tsakanin raminki na shida da na bakwai, nawa ne?"
Na ce mita ɗari da hamsin.
Ya caka sanda a ƙasa.
"Nan ƙoramar ke kwana tun ba a haifi uwarki ba.
Ubana ya cike ta da amalanke, ya yi dashe a kanta.
Shekarar babban ruwa ina ɗan tara,
na ga ƙasa na tafasa bayan tsohon shinge, babu wuta,
yashi na ɓuɓɓugowa kamar gidan tururuwa.
Kafin asuba shingen ya durƙusa.
Ruwa bai haura shi ba, yarinya.
Ta ƙarƙashi ya bi."

Babu taswirar da ta san wannan.

Muka kafa inji inda sandar ta huda.
Mita biyu, yumɓu, amma kaurin ɓawon ƙwai.
Mita huɗu, bututu ya zurma kamar cokali a kunu.
Halvorsen ya cire hula, ya sosa sanƙo, bai ce uffan ba.
Yashi garas-garas, tsakuwa da ruwa ya lashe ta yi sumul,
da ƙumba guda, fara,
mai jiran dawowar ƙorama shekara tamanin.

Dare uku ina lissafi.
Katangar laka har ƙasan yashin? Aljihun gunduma ba zai ɗauka ba.
Abu guda ya rage: ganuwa ta ja da baya mita sittin,
ta hau yumɓu na gaskiya, a bar wa ruwa tsohon makwancinsa.
Na ja sabon layi da jan alƙalami,
layin ya bi ta kan zaitun arba'in da uku.

Ni na kai masa takardar da kaina.
Ya daɗe yana bin jan layin da farcen babban yatsa.
Na ce da ka yi shiru, da itatuwanka na nan.
Ya ɗaga haɓa wajen gangare,
inda rufin makarantar firamare ke ƙyalli.
"Jikata Inês na aji biyu."

Ya shiga ɗaki, ya fito da kwalbar zaitun na bara.
Tana kan teburina har yau, kusa da ƙumbar.
Ban iya buɗe ta ba.